Ranar da Kaka ta Kira Sunan Babana

A hannun kakata na girma, a Gaya, don babana soja ne, an tura shi fagen daga can gabas wajen Diffa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka kunya ta hana ta kama sunansa. Sumaila yake, amma a bakinta "yaron nan" ne. Ko ya bugo waya sai ta miƙo mini, ta ce hannunta da gari.

Bayan magariba mukan kewaye murhunta, ni da 'ya'yan kawuna. Ni take ce wa maigida, ta ce ba ta taɓa ganin miji mai rowa irina ba, ko goro babu, sai kunnen jin tatsuniya. Akwai wadda nake sa ta maimaita kullum: wani saurayi marar suna da ya tare dodon ruwa a bakin kogi don kada ya shigo gari. Su yi ta kokawa, saurayin ya nutse, mu riƙe numfashi, can sai ya ɓullo da ƙaton kifi a kafaɗa.

Wata rana na taso daga lakwal, wato makarantar boko, na ga wata motar soja tana barin ƙofar gidanmu. Matan gida duk sun shige ɗaki. Kaka kuwa ta hura wuta kamar kullum, ta kira mu, ta soma tatsuniyar tun ban roƙa ba.

"Saurayin nan," in ji ta, "sunanshi Sumaila."

Muka kalli juna. Ta ci gaba, muryarta ba rawa, har ya nutse. Muka jira kifi, amma nan ta tsaya.

Na ce, "Kaka, sai ya fito."

"Bai hito ba, maigida. Amma dodo bai shigo gari ba."

Sai kuka ya ɓarke a ɗakin matar kawu. Na zuba wa Kaka ido tana gyara itace cikin wuta.

Na daɗe ina jin haushinta. A ganina wace irin uwa ce za a kashe mata ɗa ta zauna tatsuniya? Sai da na girma na gane ba ta da damar yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, kuma ba ta yarda wani ya riga ta faɗa mini ba. Har ta rasu, ranar kaɗai na ji sunan ubana a bakin uwarsa.