Yadda Cikina Ya Raba Ni da Ful

A ƙauyenmu na gefen Kamlin babu wanda bai san muryar cikina ba. A sahun sallar Juma'a yakan rigayi liman magana. Yau ya kumbura ya ɗaure, gobe ya sake ni in yi ta zarya tsakanin auduga da bayan tur'a, magudanar ban-ruwanmu, har maƙwabcina na hawasha, wato gona, ya daina tambayar inda na nufa. Larabawa suna ce wa ciwon musuran. Innata kuwa ta ce mutanen ɓoye ne, na taka musu ɗa a bakin ruwa.

Kafso na kantin unguwa na sha shi kamar gyaɗa, ja da rawaya, duk wanda mai kanti ya miƙo. Hayaƙin Inna ma na shaƙa har rigunana suka koma warin kasko. Da abin ya ishe ni, na hau mota zuwa wajen wata daktora a Kamlin.

Ta latsa cikin, ta duba sakamakon awo, ta ce babu tsutsa, babu gyambo. Sannan ta ce hanjin kowa cike yake da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke taya mutum narkar da abinci. Nawa sun rikice, wataƙila kafson da nake afawa ya karkashe na kirkin, 'yan iskan suka samu fili. In na tura musu ful, dafaffen waken nan namu, da albasa, sai su cika ni da iska. Damuwa ma tana ƙara tunzura hanjin.

"To, daktora, wane magani zai kashe su duka?"

"Ka kashe su, kai ma ka kwanta," in ji ta. "Lallashinsu za ka yi. Bar kafso, rage ful, gwada nono mai tsami ka gani."

Na dawo gida na kwashe bayanin nan na faɗa wa Inna, ina jin kaina malami. Ta saurara tana tuƙa asida.

"Ba a ganinsu?"

"Ba a gani."

"Suna zaune cikinka, suna da abincin da suke so, in an saɓa musu su yi hushi?"

Na ce haka ne.

"To mi na ce maka tun farko? Sai da ka tai Kamlin wata ta hwaɗa maka da Larabci."

Barin ful ya fi ciwon zafi. Da hantsi maza kan kewaye kwano ɗaya a inuwar hawasha, man riɗi yana ƙyalli a sama, ni ina gefe da ƙwaryar nono kamar ɗan yaye. Suka yi mini dariya har suka gaji. Cikin dai ya lafa, ko da yake bai warke sarai ba. Ran sunan ɗan ƙanena na manta kaina na kai loma cikin kwanon jama'a, albasa da barkonon shatta duka. Ban ga yankan rago ba, ina can bayan tur'a.