Shafa'atu Mai Gyaran Famfo

A unguwarsu a Ƙanƙara, idan famfo ya lalace a gidan da maza ba sa shiga, Shafa'atu ake aika wa. Doguwar mace ce marar yawan magana, tana tafe da jakar ƙarafa a ƙarƙashin hijabi, har akan ji ƙararsu kafin a ji sallamarta. Daga wani ƙauye na ƙasar Faskari aure ya kawo ta, kuma ba ta taɓa zaton hannunta zai riƙe sifana ba.

Mijinta, Malam Badamasi, shi ne mai sana'ar. Bahago ne, kuma aikin mutanen dauri yake yi. Bai yarda da farin tef ɗin da ake naɗa wa bakin bututu ba. Zaren buhu yake warwarewa ya naɗa, ya shafe shi da koren fenti, ya ce sai dai bututun ya ruɓe ya bar ɗaurin. Idan yana haɗa kaya a tsakar gida, ita ke riƙe mashi bututu, ita ke tsefe zaren. A haka ta koya, ba tare da wani ya ce koya mata ake yi ba.

Wata rana da damina ya ɗaure bututai a bayan babur ya nufi Sabuwa, inda aka kira shi aikin tanki. Bai isa ba. An tsinci bututan zube a gefen hanya, babu babur, babu shi. A lokacin, idan ɓarayin daji suka ɗauki mutum, waya suke yi su nemi kuɗin fansa. Shafa'atu ta ɗaure wayarta a bakin zane, ko wanka za ta shiga da ita take shiga. Babu wanda ya kira. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Da shekaru suka ja, yayansa Malam Sha'ibu ya kai maganar gaban alƙali, aka ce ta yi takaba, ta yi. Kafin nan ta riga ta fara fita da sauran kayan aikin da ya bari, don akwai ɗiyarsu Ikhlas da za a ciyar.

Ta saba da rayuwarta a haka, har ranar da aka kira ta gidan wata dattijuwa, Hajiya Baraka, a can ƙarshen gari. Tankin gidan na bisa dandamali a bayan madafi, ƙasan wurin duk ya zama caɓi. Makullin ruwan da ke gindin tankin ba shi da hannu. Da filaya 'yan gidan ke murɗa shi, har kan ƙarfen ya siɗe ya zama mulmulalle, yanzu ba ya buɗuwa sosai, ba ya rufuwa.

Shafa'atu ta durƙusa ta goge lakar da ke jikin bututun da tsumma. Sai ta ga zaren buhu ya leƙo ta bakin haɗin, an shafe shi da koren fenti. Ta dubi yadda aka dasa makullin. Ya karkata hagu, wajen bango, inda mai aiki da dama ba zai taɓa sa shi ba. Ta daɗe a durƙushe, tsumman na hannunta.

"Hajiya, wannan aikin ya kwana biyu ko?"

"Ina fa. Tankin ma bara da rani ɗana ya saya mani."

"Bara?"

"Bara, ana gab da azumi. Wani bawan Allah ne ya zo wucewa da jakarshi, yaran suka kira shi. Mun shige ɗaki ya yi aikinshi. Da ya gama na fito in yi godiya, na ga makullin ba hannu. Ya ce tsohon makulli ne ya samo, zai dawo da hannun ranar kasuwa. Har yau."

Shafa'atu ta tambayi kamanninsa. Hajiya ta ce ba ta ƙare mashi kallo ba. Ramamme ne, gemu ya yi fari, magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji shi. Abu ɗaya ta riƙe: an kai mashi tuwo, ya ci rabi, ya ƙulle rabin a leda ya cusa a aljihu, yana ta waige-waige.

"Ya faɗi sunanshi?"

"Ban tambaya ba, 'yar nan. Kin san shi ne?"

Shafa'atu ta ce a'a, aikin ne ya yi mata kama da na wani.

Ta sa aka kwashe ruwan tankin a bokitai da randuna. Ta ɗora sifana a kan tsohon makullin ta murɗa, ya ƙi. Ta sa ƙafa ta dafe bututun, ta murɗa da dukkan ƙarfinta, sannan fentin ya fashe, zaren ya fito a dunƙule. Ta shinshina yatsunta. Fenti ne kawai. Ta naɗa farin tef, ta ɗaura sabon makulli mai jan hannu, ta gwada, ko ɗigo babu. Hajiya ta yi ta sa mata albarka, ita kuwa ba ta tuna yadda ta isa gida ba.

Washegari ta je wurin Malam Sha'ibu ta zayyana mashi komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Shafa'atu, masu naɗa zare da fenti suna da yawa, bahagwai ma haka. In shi ne, mi zai hana shi ƙarasowa gida? Daga gidan nan zuwa ƙofarki ko babur ba a hawa."

Tambayar ce ma ta fi damunta. In ba shi ba ne, to an gama. In kuwa shi ne, ya shigo garin, ya ci tuwo a cikinsa, ya fita bai leƙa ɗiyarsa ba. Ta taɓa ganin wani da ya dawo daga daji, wanda ko sunan mahaifiyarsa aka kira sai ya ruga ya ɓuya a bayan rumbu.

Duk da haka Malam Sha'ibu ya zagaya. Masu sayar da kayan famfo suka ce ba su san shi ba. Wani mai shayi a tasha ya ce ya ga mai irin wannan kama yana kwana a wani masallaci da ba a gama ginawa ba, daga baya ya bi motar hatsi zuwa Funtuwa. Wani kuma ya rantse mutumin ɗan Zamfara ne, ya san ƙauyensu. Daga nan maganar ta tsaya.

Shafa'atu ba ta gaya wa Ikhlas ba. Amma yarinyar ta lura uwarta ta canza. Duk gidan da aka kira ta, ko kan famfon banɗaki ne ya karye, sai ta zagaya gindin tanki ta goge bututu ta duba. Ranar kasuwa takan tsaya a bakin zaure tana bin tsofaffi masu jaka da ido. Wani mai awon hatsi da ke neman aurenta, har an fara maganar sa rana, ta aika mashi ya yi haƙuri.

Da kaka ta yi, dangi suka taru don raba gonar Badamasi, abin da ita da kanta ta daɗe da amincewa da shi. An shimfiɗa tabarmi a zaure, an ɗauko limamin unguwa, an kawo igiyar awo. Sai Shafa'atu ta yi sallama daga bayan ƙofa.

"Yaya, ina roƙon a ɗan dakata. A ƙara mani damina ɗaya."

Wani ƙanin mijin ya buɗe baki zai yi magana, Malam Sha'ibu ya ɗaga mashi hannu. Sannan ya ce wa liman a yi addu'a a tashi.

Damina ta zo, Malam Sha'ibu ya noma gonar ya shuka dawa. Da aka girbe, ya ware dammunan a rumbu dabam, ya liƙe bakin da laka. Babu wanda ya tambaye shi na wa ne, shi ma bai faɗa ba.