Ɗiyata

Shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, amma hankalina ba ya aji. Inna ta rasu da damina, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki biro, in ajiye, in leƙa waje, in dawo. Tsoro nake ji kada muryarta ta ɓace mini, shi ya sa na zauna na rubuta labarinta a littafin makaranta, da maganarta yadda take yin ta.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu zuwa Jega, wurin wani mai tafireta da ya yi karatu a Kano. Ya duba, ya yi murmushi.

"Malama, wannan ai Hausar ƙauye ce. Bari in gyara miki."

Kunya ta kama ni, na ce to. Har yau ina jin haushin wannan "to" ɗin.

Ban ko koma Maiyama ba, na wuce ƙauyenmu Danwarai da takarduna, ina ɗokin Baba ya ji. Na iske shi a inuwa yana juya albasa, yana ware masu ruɓa. Na tsuguna na fara karantawa. Yana ji, hannunsa na aiki, har na zo inda Inna ke ce mini, "'Yata, zo ki ci tuwo."

Hannun ya tsaya.

"Wa ac ce haka?"

"Inna mana, Baba."

"A'a. Uwakki ba ta taɓa ce maki 'yata ba. Ɗiyata taka cewa. Wagga mata ban san ta ba."

Jikina ya yi sanyi. Ashe na hau babur har Jega ne don a kashe mini ita karo na biyu, kuma da yardata.

A nan ƙasa na zaro biro, na bi layukan tafireta ina sokewa ina mayar da nata. Haka nake aiki har gobe. Masu buga littattafaina sun gaji da ni, don ba na barin a taɓa bakin mutanen cikinsu, ko da wasali ɗaya.

Da na gama Baba ya ce, "Sake karanta wurin nan."

Na ce, "Ɗiyata, taho ki ci tuwo."

Ya juya mini baya, ya ce albasar bana yaji gare ta. Ko ɗaya ba a yanka ba.