Hannun Mai Aski

Shekara talatin da ɗaya mai aski ya yi yana riƙe da kawunan mutane, shi ya sa bai cika yarda da kowa ba. Wanda ya sha jin abin da maza ke faɗa a kujerar aski ya daina ɗaukar fara'a da muhimmanci. Don haka da likita ya ce rawar da hannunsa na dama ke yi cutar Parkinson ce, aka ba shi mako uku kafin ya ga likitan jijiyoyi, sai ya zuba ido ya ga wa zai fara cin amanarsa.

Babbar 'yarsa ce ta fara. Malamar makaranta ce, ga son rubutu kamar me. Ta sayi ɗan littafi, kullum in ta tashi daga aiki sai ta zauna a bencin shagon, ta kalli hannunsa, ta duba agogo, ta rubuta. Har kwalayen magungunansa ta tattara a leda.

"Me kike ta rubutawa ne?"

"Baba, likita zai tambayi yaushe yake rawa, yaushe yake dainawa. Kai kuwa na san ka, lafiya lau za ka ce."

"To, da ciwo zan ce?"

Ruwa ba ya tsami banza. Ya tabbata shaida ake tarawa, a kai gaban likita, a raba shi da askarsa, a zaunar da shi a gida yana gadin talabijin. Matarsa ma ta koma kallon yadda yake sa maɓallin riga. Wato har da ita aka haɗa baki. Sai ya shiga ɓoyo. In babu kowa a kujera, ya zauna a kan hannun, ko ya cusa shi a aljihu. Tsoro yake ji ƙwarai, amma ko a fuska bai nuna ba.

Ana gobe za su asibiti, ta fita amsa waya, ta bar littafin a kan benci. Ya wawure shi. Shafi bayan shafi lokuta ne kawai: ƙarfe huɗu, yana zaune, rawa, ƙarfe biyar, bayan magani, da sauƙi. A shafin ƙarshe ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan: "A fara faɗa wa likita cewa in yana riƙe da almakashi hannun ba ya rawa. Kwana goma sha tara ban gani ba ko sau ɗaya. A tambaya yadda zai ci gaba da aikinsa."

Kunya ta rufe shi. Ashe lauya ya samu, shi yana ta wasan ɓuya da ita. Yana jin muryarta a waje. Ita da yamma take zuwa, akwai abin da ba ta gani ba. Ya ɗauki bironta, ya rubuta a ƙasan nata, da rubutunsa da ya ƙanƙance:

"Ranar Talata da safe na yanki wani direba a bayan kunne. Na ce masa shi ya motsa. Bai motsa ba."