Lambar da na saka a kwamfutar mai tura fina-finai

Shekaru sun ɗan ja, wataƙila na haɗa wasu ranaku da wasu, amma ga yadda nake jin abin ya faru.

A shekararmu ta farko a jami'a, malamin ƙididdiga ya ba kowa lambar sirri ta buɗe manhajar da za mu yi aikin hutu da ita. Wanda bai kawo aikin ba, darasin zai maimaita. An ce ya gargaɗe mu cewa kwamfuta ɗaya kawai lambar take karɓa. Ni dai ban tabbata na ji ba.

A garinmu Adabka, inda na koma hutu, sabis ba ya ɗaukar abu mai nauyi. Na ari laftof ɗin yayata, na hau kabu-kabu zuwa Gummi, wurin wani mai shagon tura fina-finai a waya. Ya sauke manhajar a kwamfutarsa. Don tsoron kada in koma gida in tarar ba ta aiki, sai na ce mu gwada a nan tukuna. Na saka lambar, ta buɗe lafiya lau. Da muka tura ta zuwa laftof, ta ƙi. Lambar ta riga ta zauna a kwamfutar shago.

Na yi tsuru-tsuru.

"Malam ɗalibi, mi ya faru?" in ji mai shagon. "Kamar Inna ta hana maka tuwo."

Na yi masa bayani.

"To tunda aikin ya ƙi bin ka gida, kai ka biyo shi. Da hantsi, kafin masu fim su taso, kujerar taka ta."

Na sauka gidan kawuna a nan Gummi, kullum da safe ina shago. Wani mai awon gero da ya zo a saka masa waƙoƙi ya leƙo allon, ya ga layuka da sanduna, ya ce, "Wanga wane irin fim na, babu jarumi ko ɗaya?" Har ni na yi dariya.

Daga baya 'yan ajinmu biyu, na Anka da na Bukkuyum, suka zo a sauke musu manhajar. Mai shagon ya dafe musu hannu: "Kada ku yi irin ta Malam ɗalibi. Ku saka lambarku a taku."

Na kammala aikin ranar da zan koma makaranta, na kuma ci darasin, ko da yake ba da maki mai yawa ba.

Su biyun nan, da duk wanda ya zauna a shagon lokacin, in na kauce a wani wuri, don Allah a aiko mini da gyara.