Dattijuwa da Wayar Famfon Mai

A ƙofar gareji, da tsakar rana, wata dattijuwa ta cire kujerar bayan tsohuwar motarta mai injin turbo, ta durƙusa a ciki. Mai shagon batir da ke gefe bai san ta ba, amma ya kasa ɗauke ido. Tabaranta ɗaure da zare, mayafi a ƙugu, yatsunta duk tabon ƙunar dalma. Ko malamar lantarki ce da ta yi ritaya, ko motar marigayin mijinta ce, shi dai bai sani ba.

Tana jan jar waya mai kauri daga batir zuwa famfon mai, tana saka fis da rile, 'yan na'urorin da ke daidaita wutar. Tsohuwar wayar, siririya kamar tsinke, tana kan cinyarta.

"Mama, sau uku muna sauya famfon nan, har yanzu motar na shaƙewa a hawa," in ji babban makanike. "Ɗanki ma ya ce 'yan gwangwan za su zo ɗaukarta da la'asar."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Lafiyar famfo lau, ɗan nan. Wuta ce ba ta isarsa. Kun bar shi da yunwa, kuna cewa ya tsufa."

Ta naɗe mahaɗar ƙarshe, ta goge hannu, ta koma kujerar direba, ta murɗa makulli. Inji ya ɗauka bugu ɗaya.

"In ɗan nawa ya zo," ta ce tana saka giya, "ka ce ya same ni a saman tudu."