Ɗakin da Rüstem Usta Ya Sassaƙa wa Gülizar

Rüstem, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, ya yi shekara arba'in da biyu yana gina gidajen gumagumai a ƙauyukan Şavşat, bai taɓa buga ƙusa a bango ba. Gatari yake sawa ya fafe bakin kowane gungume, ya ɗora shi a kan ɗan'uwansa su ciji juna. Ba ya dogon ciniki, ba ya rantsuwa. In ya ce Talata, to ranar Talata za a ji saran gatarinsa. Magana kuwa matarsa Gülizar ce ke yi a madadinsu su biyu, kuma tana isarsu har ta yi saura.

Gidansu irin na kowa ne a can, shanu a ƙasa, mutane a sama, matakala miƙaƙƙiya kamar tsani a tsakani. A bazarar da ya cika sittin da takwas, Gülizar ta faɗi wajen tatsa, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallame ta daga asibiti sai 'yarsu Nurten ta tafi da ita can birnin Bursa, don likita ya ce ita da hawan matakala har abada.

Kullum da hantsi sai Gülizar ta sa Nurten ta kira mata shi a waya.

"Kai tsoho, zo ka ɗauke ni. Tagar nan bangon wasu kawai take nuna min."

"Matakalar fa?"

"Ka goya ni mana. Ko ƙarfin duk a itace ya ƙare?"

"Sanda kike kamar sillen kara ban goya ki ba, sai yanzu?"

Ta yi dariya da rabin bakin da ya rage mata. "To ka yi min ɗaki a ƙasa. Ka yi wa duk ƙauyenmu, ban da ni."

Washegari ya yaye rufin gumaguman da ya sara tun hunturu uku da suka wuce, ya ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya ji sun bushe. Ya kira gayya, maƙwabta suka ɗauko masa duwatsun tushe. Ya kafa ɗakin a gefen gida, tagarsa na kallon lambun wakenta. Bai yi dokin ƙofa ba, don kada ƙafarta ta sarƙe. A jikin bango ya shirya sanda doguwa daidai hannunta na dama, daga inda gado zai zauna har bakin ƙofa.

Hilmi mai unguwa, wanda suka yi kiwo tare suna yara, ya zo ya tsaya yana shan shayinsa.

"Usta, ka gangara gari ka karɓo takardar izini. Tun da mutane suka fara kafa wa 'yan yawon buɗe ido ɗakuna, ko akurki sai an auna."

"A filin ubana? Daga bishiyar tuffa zuwa idon ruwa, a gabanka ya nuna min da sandarsa."

"A gabana ne, ƙwarai. Sai dai ba su da wurin ajiye sanda a ofis, takarda da dutsen iyaka kawai suka sani."

Rüstem ya ci gaba da sara.

Bango ya kai saman taga sanda ma'aikatan gwamnati biyu suka zo a watan Agusta. Ba su yi masa rashin kunya ba. Babban cikinsu har ya shafa kusurwa ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Sannan ya buɗe takarda. Filin har yau da sunan mahaifin Rüstem yake, wanda ya yi shekara talatin a kabari. Ba a raba gado ba, don a wajensu kai filin uba ofis a yanka abin kunya ne. Magada biyu ne, shi da ƙaninsa Şefik.

"Kawu, in ɗan'uwanka ya sa hannu, sauran mai sauƙi ne. Kafin nan ko tsinke kada ka ƙara."

Suka zagaya ƙofar da waya, suka manna mata jan hatimi.

Şefik yana Jamus. Rabonsu da magana shekara goma sha tara, tun ranar da aka binne uwarsu bai zo ba, Rüstem ya ce a gaban jama'a shi ba shi da ƙani. Lambar wayarsa tana wurin Hilmi. Amma a ƙauyen, babba ba ya roƙon ƙarami da baki. Aike yake yi, in an karɓa an shirya. Rüstem ya cika gwangwani da zumar amyarsa, ya haɗa da cuku na Gülizar na ƙarshe, ya ba wani maƙwabci da ke komawa Jamus bayan hutu.

"Me zan ce masa, Usta?"

"Ka ba shi kawai. Zai gane."

Ya zauna jira. Ya ja tamfol ya lulluɓe saman bangon daga waje. In Gülizar ta tambaya sai ya ce ana kan aiki.

"Wata huɗu, ɗaki ɗaya? Ko fadar sarki kake yi min?"

"Itace ba ya son gaggawa."

"Ni ma ba na so, amma ba a tambaye ni ba."

A watan Nuwamba amsa ta zo: rigar sanyi mai kauri, sabuwa fil, daidai jikinsa. Ya laluba aljihunta huɗu, ya juya cikinta waje, ya tattaɓa ɗinkin. Babu takarda. Ya ɗauka an karɓi zumarsa an hana shi fili. Ya rataye rigar bai sa ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

Sai a watan Janairu Hilmi ya kasa haƙuri ya faɗa wa Nurten abin da ya tsayar da aikin. A ranar ta kira kawunta, a ranar Şefik ya kira ƙauye. Muryarsa ta tsufa, har Rüstem bai shaida ta ba da farko.

"Yaya, zuma na gani, ban ga magana ba! Ni boka ne da zan karanta zuma? Na yi kwana uku ina nuna wa matata gwangwanin, ina cewa yayana ya yafe min. Ashe hannu kake so? Ai da ƙafa ma sai in sa maka!"

Rüstem ya riƙe wayar. "Ka ci zumar?"

"Na ci, Allah ya shirye ka. Na ci ina kuka."

Cikin mako biyu takardar ta iso. Ofis ya karɓa, ya ce saura mai awo ya hau ya auna iyaka. Ƙanƙara a lokacin ta kai ƙugu, duwatsun iyaka suna ƙarƙashinta. Aka ce sai ta narke.

Gülizar ta rasu ranar tara ga Maris, a Bursa, bayan azahar. Nurten ta ce da safen ta tambaya ko an sa tagar. Aka kawo gawarta ƙauye a mota, ana bin bayan motar share ƙanƙara.

Masu haƙar kabari suka aiko a kawo katakan da ake jerawa a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Duk itacen da ke waje a jiƙe yake. Busasshe ɗaya ne a ƙauyen, katakan daɓen ɗakin, da ke jingine a ciki tun Agusta. Rüstem ya ɗauki filaya ya nufi ƙofar. Hilmi ya juya baya yana kallon dutse.

"Idona ya tsufa, Usta. Ba na ganin komai in ba a kusa ba."

Rüstem ya datse wayar da ma'aikatan suka zagaya ƙofar da ita. Ya auna katakan da tafin hannu, ya yanka tara, ya goge bakinsu don kada su yaga likkafani. Şefik, da ya sauka da safen nan, ya ɗauki huɗu, shi ya ɗauki biyar. Rüstem ne ya shiga ramin ya jera su da kansa, babu inda ƙasa za ta zurara.

Mai awo ya zo a Afrilu. Izini ya fito a Mayu, Hilmi ya kawo masa har gida.

"Sai ka rufa shi, ruwa zai cinye maka aiki."

"Wa zai shiga?"

Rüstem ya rufa ɗakin duk da haka, shi kaɗai, cikin kwana shida, don itacen bai yi laifin komai ba. Ya sa taga, ya rataya ƙofa. Daɓen ne bai cika ba, akwai gurbin katako tara ta wajen gado, ƙasa a fili. Tun daga nan bai sake karɓar aikin kowa ba.